Yaro ɗan shekara 14 da wiwi: me take yi wa ƙwaƙwalwarsa, kuma tana gogewa in ya daina?

Malam_Na_Aji_Uku
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni ga likitoci da malaman jinya da duk mai ilimin abin a zauren nan. Maganar samari yanzu ita ce wiwi ganye ne kawai, ba ƙwaya ba ce, ba hodar iblis ba ce, har wasu ƙasashe sun halatta ta. Iyaye kuma sun ce duk wanda ya zuƙa sau ɗaya ya haukace ke nan. Tsakanin maganganun nan biyu ina gaskiya take? Abin da nake son ji takamaimai: yaron da ya fara sha yana shekara 13 ko 14, me take yi wa ƙwaƙwalwarsa da ba ta yi wa magidanci ɗan shekara 35? Kuma in ya daina, ƙwaƙwalwar tana komawa yadda take?

Likitan_Kwakwalwa
Wa alaikumus salam Malam. Bari in fara da tambayarka ta farko. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25. Ta fuskar girma, tun yaro na shekara 6 ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na ta babba, amma wannan kango ne kawai, aikin ciki yana nan. Daga balaga zuwa shekara ashirin da 'yan kai manyan ayyuka biyu ake yi. Na farko rage mahaɗun jijiyoyi. Yaro kan taso da mahaɗai fiye da buƙata, sai ƙwaƙwalwa ta riƙa cire waɗanda ba a bi, tana ƙarfafa waɗanda ake bi kullum, kamar yadda manomi ke rage tsiron gero a rami ya bar biyu ko uku masu ƙarfi. Na biyu lulluɓe jijiyoyi da wani farin kitse, irin aikin robar da ke jikin wayar lantarki, don saƙo ya riƙa gudu ba ya zubewa a hanya. Aikin daga wajen ƙeya yake farawa ya nufo gaba, ɓangaren goshi shi ne na ƙarshen nuna. Shi kuwa ɓangaren goshin nan shi ke riƙe da tsara aiki, auna abin da zai biyo baya kafin a aikata, danne fushi, da haƙurin jira.

Ga inda wiwi ta shigo. Jiki na da nasa sinadarai masu aiki irin na wiwi, ɗaya sunansa anandamaid, ɗaya 2-AG. Suna da mazauni a jikin jijiya da ake kira CB1, ka ɗauke su kamar kwaɗo da mabuɗinsa. Wannan tsari yana cikin masu tsara wace mahaɗa za a bari, wacce za a cire. Na jiki kaɗan ake ƙerawa, a daidai wurin da ake buƙata, nan da nan kuma a narkar da shi. Sinadarin maye na wiwi, wato THC, shi ma yana buɗe wannan kwaɗo, amma ko'ina a lokaci guda, kuma na sa'o'i. Magidanci ma tana cutar da shi, sai dai shi gininsa ya riga ya bushe. Na yaro sumuntin ɗanye ne.

Uwar_Samari
Likita Allah ya saka da alheri. To mantuwar nan da ake gani a wurinsu fa, a aiki yaro ya je ya dawo bai san me aka aike shi ba, daga nan take?

Likitan_Kwakwalwa
Daga nan take, Hajiya. Akwai wani ɓangare can ciki, saitin kunne, sunansa hifokamfus. Shi ke karɓar sabon abu ya ajiye. CB1 na da yawa ƙwarai a wurin. Shi ya sa mai maye zai tuna sunan malaminsa na firamare amma ya kasa riƙe abin da aka faɗa masa minti biyar da suka wuce. Ga ɗalibi wannan babbar asara ce, don darasin da bai zauna ba yau, gobe a kansa za a ɗora wani. Akwai CB1 kuma a ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke ƙeya, mai kula da daidaiton jiki, shi ya sa hannu da ido ke saɓawa, wanda ke kan babur ya makara wajen taka birki. Akwai shi a amigdala, gidan tsoro, shi ya sa wani in ya sha sai fargaba ta kama shi, ya ga kamar kowa shi yake kallo.

Dan_Famasi
In ƙara a kan na Likita. In an zuƙa, cikin 'yan mintuna ta hau, ta kai ƙololuwa cikin minti 15 zuwa 30, mayen ya sauka bayan awa 2 zuwa 4. In an ci ta cikin abinci ko an dafa a shayi da madara, sai ta yi minti 30 har awa 2 ba ta nuna ba, in ta kama kuma sai awa 6 ko 8 ko fiye. Hanta ce ke juya ta zuwa wani sinadari mai ƙarfi da ke shiga ƙwaƙwalwa cikin sauƙi. A nan yara ke afkawa: ya ci bai ji komai ba, ya ƙara, ya ƙara, sai duk ta taso masa gaba ɗaya.

Sai maganar ƙarfi. A Amurka, inda ake auna wadda aka kama duk shekara, THC ɗinta kusan kashi 4 cikin 100 ne a 1995, zuwa 2014 ya kai kusan 12. Irin da samarinmu ke kira laud an yi aikin iri ne a kansa don THC ya yi yawa. Don haka in dattijo ya ce su ma a zamaninsu an sha ba a ga komai ba, a tuna masa suna ne ɗaya, kayan sun bambanta.

Gaskiya_Daci
Ku yi min afuwa manyanmu, ni ban gamsu ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya ce mutum miliyan 10.6 ne suka sha wiwi a Najeriya cikin shekara guda. Da tana haukatarwa yadda ake faɗa, ai da titi bai biyu ba. Sannan yaron da ke shan wiwi galibi dama gidansu ba lafiya, ko talauci, ko an rabu, ko dama ba ya gane karatu. Ta yaya za a san wiwin ce ta dakushe shi, ba halin da ya taso ciki ba? In muka zuzuta abin, yaro ya sha ya ga bai haukace ba, daga ranar ya daina yarda da maganarmu.

MaiLissafi
@Gaskiya_Daci tambayarka ita ce masu binciken kansu suka daɗe suna fama da ita, kuma maganarka ta ƙarshe gaskiya ce tsantsa. Ga abin da ke ƙasa.

A garin Dunidin na Niyu Zilan an bi mutum 1,037 da aka haifa a 1972 da 1973, tun suna yara har suka kai shekara 38. An gwada kaifin basirarsu suna yara, kafin wani ya taɓa wiwi, aka sake gwadawa a shekara 38. Sakamakon ya fito a 2012. Waɗanda suka fara tun kafin shekara 18 suka zarce da sha mai yawa sun yi asarar maki har kusan 8 a ma'aunin basira. Waɗanda sai da suka girma suka fara ba a ga irin wannan faɗuwar ba. Maki 8 ba ƙaramin abu ba ne, yana iya sauko da matsakaicin ɗalibi zuwa sahun baya na aji.

Amma an yi masa suka. Waɗanda suka faɗi sosai 'yan kaɗan ne cikin dubun. Sannan a 2016 aka fitar da binciken tagwaye daga Amurka, inda ake kwatanta wanda ke sha da ɗan'uwansa da ba ya sha, gida ɗaya, tukunya ɗaya. Aka ga duka biyun makinsu kan yi ƙasa kusan daidai. Wannan na nuna cewa gida da gado suna da hannu babba. Sai dai tagwayen an bi su ne zuwa wajen shekara 20 kawai, su na Dunidin kuwa shekara ashirin suka yi suna sha. To ba abu ɗaya aka auna ba.

Gaskiya_Daci
Ka ga abin da nake faɗa ke nan.

Likitan_Kwakwalwa
Rabinsa ka faɗa, ɗan'uwa. Akwai hanyoyin da ba su dogara da tambayar gida ko talauci ba. Ɓera ba shi da matsalar kuɗin makaranta. An ba ɓeraye sinadarin a lokacin balagarsu, aka ba wasu manya adadi ɗaya, aka bari ya fita daga jikinsu tas. Na balagar suka ci gaba da nuna raunin tunawa bayan sun girma, fiye da manyan. An maimaita wannan a wurare da dama. A mutane kuma, a 2021 an fitar da hotunan ƙwaƙwalwar matasa 799 daga Turai, an ɗauka suna shekara 14 kafin su fara sha, aka sake suna 19. Ɓawon ƙwaƙwalwa, wato shimfiɗarta ta waje, dama yakan sirance a wannan lokaci saboda rage mahaɗun da na faɗa, amma na masu sha ya fi saurin sirancewa a ɓangaren goshi, gwargwadon yawan shan, kuma a daidai wuraren da CB1 ya fi yawa.

Maganar hauka kuma, a yi mata adalci. Ciwon da muke kira sikizofiriniya, wanda mutum ke jin muryoyi yana zargin ana bin sa, yakan kama kusan mutum 1 cikin 100 ko ba wiwi. A Suwidin an bi matasa 45,570 da aka ɗauka aikin soja har shekara 15, aka ga waɗanda suka sha fiye da sau 50 haɗarinsu ya ninka sau 6. Da aka sake lissafi aka cire tasirin wasu dalilai, ninkin ya ragu amma bai ɓace ba. A 2019 wani bincike a wurare 11 na Turai da Burazil ya nuna mai sha kullum haɗarinsa ya ninka kusan sau 3, in mai ƙarfi ce wadda THC ɗinta ya kai kashi 10 zuwa sama kuma kusan sau 5. Wato mafi yawan masu sha ba za su haukace ba, shi ya sa titi ke biyuwa. Amma cikin yara 100 masu sha kullum, 'yan ƙalilan da za su faɗa sun ninka na waɗanda ba sa sha, kuma ciwo ne da kan bi mutum har tsufa. Wanda a danginsu akwai mai taɓin hankali, uwa ko uba ko wa ko ya, shi ne a bakin rijiya. Wannan kada ya kusance ta ko sau ɗaya.

Bakatsine_A_Jamus
Kan batun halattawa da Malam ya kawo. Duk ƙasar da ta halatta, ga manya ta halatta. Kanada ta buɗe a Oktoban 2018, shekara 18 ko 19 gwargwadon lardi, lardin Kubek ma ya mayar da shi 21. Jihohin Amurka da suka halatta, 21 ne. Jamus ta sassauta a Afrilun 2024, amma ɗan shekara 18 zuwa 21 an taƙaita masa giram 30 a wata daga ƙungiyoyin noma, kuma kada THC ya wuce kashi 10. Dalilin wannan iyaka shi ne abin da Likita ya bayyana. Hujjar yaran ma ke nan tana kansu.

Nas_Ta_Dare
Ni abin da ya fi tayar min da hankali, abin da ake sayar wa yara da sunan wiwi ba kullum wiwi ba ce. Wanda suke kira kolos ko kolorado sau da yawa busasshen ganye ne aka fesa wa sinadarin da aka haɗa a ɗakin gwaji. Shi THC rabi-rabi yake buɗe kwaɗon da Likita ya faɗa, na haɗin kuwa wangale shi yake yi, kuma fesawar ba ta daidaita, naɗi ɗaya ba komai, na biyu ya kayar da mutum. Yana kawo jijjiga, bugun zuciya ba tsari, ciwon ƙoda, da fita hayyaci mai tsanani. Kush ɗin da ya sa shugaban Saliyo ya ayyana dokar ta-ɓaci a Afrilun 2024 daga wannan dangi yake, har da wasu sinadarai masu tsayar da numfashi a ciki. Wasu kuma sukan haɗa da zaƙami. Alamar zaƙami daban take: ƙwayar ido ta buɗe sosai, baki ya bushe ƙayau, jiki ya yi zafi ba gumi, yaro na kama abin da babu.

In an tarar da yaro a irin wannan hali, a kwantar da shi a gefensa don kada amai ya shaƙe shi. Kada a ɗura masa manja ko madara ko ruwa alhali ba ya cikin hayyacinsa, huhu za su tafi. Kada a cusa masa cokali a baki in yana jijjiga. Jijjigar da ta kai minti 5, ko numfashin da ya ja baya, ko an kasa tashinsa, asibiti kai tsaye. A ɗauki ragowar abin da ya sha a tafi da shi, kuma a faɗa wa ma'aikata gaskiya, har da taramol ko kodin ko ƙwayar barcin nan roci in akwai zargi, don maganin kowanne daban.

Dan_Famasi
Ƙari kan na Sista. Taramol shi kansa yana kawo jijjiga in ya yi yawa. Yawanci in yaro ya faɗi yana jijjiga ana cewa wiwi ce, in aka bincika akwai taramol ko kolos a ciki.

Ungozoma_Sakkwato
Kuna ta maganar samari, a tuna da waɗanda ba su ma san ana yi ba. THC na ratsa mabiyiya ya kai ga ɗan tayi, kuma tsarin CB1 ɗin nan tun farkon ciki yake aiki wajen nuna wa jijiyoyi hanyar da za su bi. Abin da ya fi fitowa fili shi ne haihuwar jariri mara nauyi. Binciken da aka fara a Otawa ta Kanada a 1978 da na Fitsbag ta Amurka a 1982 sun bi yaran da uwayensu suka sha suna da ciki na tsawon shekaru, suka ga raunin natsuwa da gaggawar aikata abu sun fi yawa a cikinsu lokacin makaranta. THC mai son kitse ne, nono kuwa da kitse, an same shi a nonon uwa har kwana 6 bayan shan ƙarshe. Saboda haka dabarar a sha da dare a shayar da safe ba ta aiki. Mai ciki da ke fama da amai ta zo awo a ba ta maganin da ya dace, kada wata ta ce mata ganye na tsayar da laulayi. Miji mai sha kuma kada ya busa a ɗakin da jariri ke kwana.

Ƙananan yara kuma su ci suke yi. A Amurka rahoton yara 'yan ƙasa da shekara 6 da suka ci alewa ko biskit mai wiwi ya tashi daga 207 a 2017 zuwa 3,054 a 2021. Yaro kan yi laushi, ya yi ta tangaɗi, barci mai nauyi ya ɗauke shi, wani har numfashi ya ragu. Duk gidan da ake da mai sha, aka ga ƙaramin yaro ya yi haka ba zazzaɓi, a kawo wannan a rai.

Almajirin_Ilimi
Ta fuskar addini dai magana a rufe take, duk abin da ke sa maye haramun ne, kuma kiyaye hankali na cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo ta tsare. Hujjar wai ganye ne ba ta tsayawa, zaƙami ma ai ganye ne. Abin da nake roƙon malamai 'yan'uwana shi ne in uba ya kawo yaro yana surutai yana zargin mutane, a tambaya ko yana shaye-shaye, a yi addu'a kuma a tura asibiti. Jinkirin watanni ana neman aljani yana cutar da yaron.

Malam_Na_Aji_Uku
Allah ya ƙara ilimi. Amma tambayata ta biyu tana nan: in ya daina, tana dawowa?

MaiLissafi
Akwai labari mai daɗi a nan, Malam. A 2018 an tattara bincike 69 kan matasa masu sha. Raunin tunani da aka samu ƙarami ne, kuma a inda aka bar su suka wuce awa 72 ba su sha ba kafin gwaji, raunin ya ragu ƙwarai. Wani gwaji a Bostan ta Amurka a shekarar ya sa matasa sun daina na wata guda, ƙarfin koyon sabbin kalmomi ya fara gyaruwa tun makon farko, kodayake natsuwa ba ta motsa ba cikin watan. A manya masu sha kullum an ga CB1 ya ragu da kusan kashi 20 a ɓawon ƙwaƙwalwa, bayan mako 4 da dainawa ya dawo. Na Dunidin ne mai ɗaci: waɗanda suka fara da wuri suka daɗe a ciki, ko da suka daina ba su dawo daidai ba. Abin da ke raba su shi ne shekarun farawa, yawan sha, da tsawon lokaci. Yaron da ya yi wata shida a ciki aka tare shi, da wanda ya yi shekara goma, ba ɗaya ba ne.

Malama_Sakandare
Ku ƙara da wannan. Ko ƙwaƙwalwar ta warke, shekarun ba sa dawowa. Yaron da ya yi aji uku zuwa aji biyar cikin hayaƙi, lissafin da ya wuce shi ya wuce. A Ostireliya da Niyu Zilan an ga waɗanda ke sha kullum kafin shekara 17 damarsu ta gama sakandare ta ragu da fiye da kashi 60 cikin 100. In ya daina a nema masa mai koya masa abin da ya rasa, ko a maimaita masa aji. In aka mayar da shi cikin aji yana zaune ba ya ganewa, kunya kaɗai za ta mayar da shi wurin abokan.

Uwar_Samari
To ta yaya uwa za ta gane tun da wuri? Jan ido kaɗai ai ƙura ma na kawo shi.

Nas_Ta_Dare
Hajiya, alama ɗaya ba ta isa, taruwarsu ake dubawa. Jan ido da yawan ɗiga maganin ido, warin hayaƙi mai kauri a riga da hula, yawan fesa turare ko tauna cingam in zai shigo gida, yunwa mai tsanani da son zaƙi bayan ya dawo, bushewar baki, dariya ba dalili, jinkirin amsa magana. A aljihu, siririyar takardar naɗi, ashana ko laita ga wanda ba ya girki, 'yan ƙwayoyin iri. Waɗanda suka fi waɗannan nauyi su ne na hali: sabbin abokai da ba ya son a gani, barin ƙwallo ko islamiyya da yake so a da, sakamako ya faɗi a zango ɗaya, kuɗi na ɓata. Akwai kuma wata alama ta mai sha kullum: amai mai dawowa lokaci-lokaci da ciwon ciki, wanda ba ya lafawa sai ya yi wanka da ruwan zafi. Ana yawan yi masa maganin olsa ko taifot a banza, dainawa ce kawai maganinsa.

Dakin_Gwaji
Ga masu son gwajin fitsari. Wanda ya sha sau ɗaya yakan nuna har kusan kwana 3. Mai sha 'yan lokuta a mako, kwana 5 zuwa 7. Mai sha kullum, kwana 10 zuwa 15, wanda ya daɗe yana sha da yawa kuwa har ya haura kwana 30, saboda THC na maƙalewa a kitsen jiki yana fita a hankali. Kuskure biyu ake yi. Uba ya gwada yaro bayan mako biyu da alƙawarin dainawa, ya ga ya nuna, ya rufe shi da duka, alhali tsohon ne ke fita. Na biyu, kolos ba ya fitowa a gwajin wiwi na yau da kullum, sai a ga fitsari fes a saki jiki. A tsinken gwajin kuma, layi biyu na nufin babu, layi ɗaya na nufin akwai, akasin na gwajin juna biyu. Da yawa sukan juya shi.

Gaskiya_Daci
Na karɓi na shekarun farawa. Amma wiwi ba ta kama mutum kamar kodin, duk ranar da ya ga dama zai bari.

Likitan_Kwakwalwa
A nan kam ba haka ba ne. Cikin duk masu gwada ta kusan 1 cikin 10 kan kamu. Cikin waɗanda suka fara suna samari, 1 cikin 6. Kuma dainawar na da nata ciwon. Yakan fara kwana 1 zuwa 3 bayan shan ƙarshe, ya yi tsanani cikin makon farko, yawanci ya lafa cikin mako 2. Fushi ba dalili, rashin barci, mafarkai masu firgitarwa, ƙin abinci, gumi, ciwon kai, ƙunci. Barci shi ke daɗewa, yakan kai wata. Iyaye su san da wannan tun kafin a fara, don a rana ta uku ko ta huɗu ake cewa yaron ya ƙara lalacewa, shi kuma ya ce gara ya koma.

Abin da ke taimakawa a gida: a yi magana da shi lokacin da ba ya cikin maye, mutum ɗaya ko biyu da yake jin nauyinsu, ba taron dangi ba. A tambaye shi me take yi masa, don da yawa rashin barci ko damuwa ko fargaba suke rufewa da ita, in ba a magance wannan ba zai koma. A tsayar da rana. A rage kuɗin hannu, a canza hanyar da yake bi da majalisar da yake zama. A cika masa yamma da aikin jiki, ƙwallo ko sana'a, don gajiya ta kawo barci. Shayi mai ƙarfi da lemon ƙara kuzari a bar su bayan la'asar. Kada a sayo masa maganin barci a kemis, daga nan ake komawa diyazafam, ƙwayar barci mai kama mutum. Babu wata ƙwaya da aka amince da ita a matsayin maganin jarabar wiwi, abin da ya nuna aiki shi ne zaman shawara da ƙwararre, da shigar da iyali cikin jinyar, da ba da lada in fitsari ya fita tsaf. In ya koma sau ɗaya ba a rushe ba, a ci gaba daga inda aka tsaya.

Wanda kuwa ya fara jin muryoyi, ko zargin an sa masa guba a abinci, ko ya yi kwanaki ba barci yana surutu, ko ya ambaci kashe kansa, wannan ya wuce gida. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato, Maiduguri, da Dawanau a Kano, da sashen masu taɓin hankali a asibitocin koyarwa. A Denmak an bi waɗanda wiwi ta taɓa fitar da su hayyacinsu har aka kai su asibiti, kusan rabinsu daga baya ciwon ya zama mai ɗorewa. Don haka ko ya warware cikin mako, kada a bar zuwa ganin likita.

Dattijon_Unguwa
Ina roƙon iyaye kada a kai yaro gidan mari. Kowa ya ga abin da aka tarar a Rigasa a Satumban 2019, mutum sama da 300, da sarƙa a ƙafa, da tabon duka. Sarƙa na raba yaro da ganye na watanni, amma tsoro da duka su ma suna yi wa ƙwaƙwalwa mai tasowa illa, kuma yakan fito da ƙullin iyayensa a zuci. Masu unguwa da limamai su taimaka wajen haɗa iyaye da asibiti, da kuma matsa wa dillalan da ke zama kusa da makarantu.

Yar_Zinder
Tambaya daga gefe, ku yi haƙuri. An ce ana yi wa yara masu farfaɗiya magani da wiwi. In tana lalata ƙwaƙwalwa, yaya kuma ta zama magani?

Dan_Famasi
'Yar'uwa, sinadari ne daban daga cikin ganyen, sunansa CBD, ba ya sa maye. A Yunin 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi, tatacce, da sunan Epidiolex, don wasu nau'o'i biyu na farfaɗiya masu tsanani da ba sa jin sauran magunguna. Da nauyin yaro ake auna shi, ana kuma duba hantarsa da gwajin jini, don yana iya taɓa ta, musamman in yana shan maganin farfaɗiyan nan balfuro'et. Ganyen kasuwa akasin haka yake, THC da yawa, CBD kaɗan. Kada a dafa wa yaro mai farfaɗiya ganye, kada kuma a tsayar masa da maganin asibiti saboda wani man da ake tallarsa a Facebook.

Malam_Na_Aji_Uku
Likita, wata ɗaya ta rage min. Yaron da ya daina ana saura wata biyu jarrabawa, a bar shi ya zauna ko a ɗage masa?

Likitan_Kwakwalwa
Ya zauna, Malam, in dai ba ya cikin waɗanda na ce a kai asibiti. Mako biyun farko kada a matsa masa da karatu mai nauyi, barcinsa ake nema ya daidaita. Daga mako na uku a fara da zama gajere, minti 25 zuwa 30 sai hutu, da safe ya fi, kuma a riƙa sa shi ya rufe littafi ya faɗi abin da ya karanta da bakinsa, washegari a sake tambayarsa kafin a shiga sabon darasi.